Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumomin sa ido kan kamfanonin wuta da gas: abin da aka faɗa mana daban, abin da muke biya daban

Ranku ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya, ku da ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci. Ni malamin lissafi ne, magidanci mai ɗauke da mutum 7, cikinsu har da mahaifiyata da ke fama da ciwon huhu. Saboda aikina, 'yan uwa da maƙwabta sukan kawo min takardun kuɗin wutarsu in duba musu, kuma a madadinsu nake magana, tare da duk wanda wani kamfani ya yanka masa farashi, ya amince, ya tsara kuɗin gidansa a kan wannan adadi, sannan bil ya zo da wani abu daban. Na zaɓi in rubuto muku ku maimakon kamfanonin, domin ku ne kuke ba su lasisi, ku ne kuma doka ta ɗora wa alhakin tsayawa tsakaninmu da su.

Abin da ya same ni ba shi da tsawo. Wakilin wani kamfani ya kira ni, ya yi min tambaya 3: ɗakuna nawa ne a gidan, mu nawa ne, nawa nake biya yanzu. Daga nan ya faɗa min adadin da zan riƙa biya duk wata, wanda ya yi ƙasa da na tsohon kamfanina da kusan kashi 1 cikin 5. Na tambaye shi har sau 2 ko farashin tsayayye ne, ya ce tsayayye ne na shekara guda. Na koma wurinsu. A wata na 9 sai ga wasiƙa cewa ana bina bashin da ya kai kuɗin wata 3, kuma daga wata mai zuwa abin da za a riƙa cirewa daga asusuna zai ƙaru da fiye da rabi. Da na kira, amsar da na samu ita ce wadda kusan kowa a cikinmu ya taɓa ji: ai ƙiyasi ne kawai. Na zauna da takarduna na bi lissafin dalla-dalla. Kuɗin kowane yunit bai canza ba, a nan sun faɗi gaskiya. Sai dai sun gina adadin watan a kan cewa gidana yana cin kusan kashi 2 cikin 3 na wutar da yake ci a zahiri. Ainihin adadin yana rubuce a tsofaffin takarduna, babu wanda ya nemi ya gani.

Kokena na farko ke nan, shi ne kuma mafi nauyi. Ana yi mana lissafi da gidan da babu shi. Kamfanoni da shafukan kwatanta farashi suna amfani da wani abu da suke kira matsakaicin gida. A Birtaniya, alal misali, hukumar Ofgem mai sa ido kan kamfanonin wuta da gas ta ɗauka a watan Oktoba na 2023 cewa irin wannan gida yana cin yunit 2,700 na lantarki da yunit 11,500 na gas a shekara. Wannan adadi yana da amfaninsa idan ana so a auna kamfani da kamfani. Idan aka ɗauke shi aka ce wa Malam wane ga abin da kai za ka biya, an shiga cinikin biri a sama.

Ku duba yadda tazarar take faɗi. Yunit 1, wato kilowat-awa 1, shi ne abin da na'ura mai wat 1,000 take ci a awa guda. Ƙwan fitila mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya ci yunit 1. Hita mai wat 2,000 kuwa, a awa 5 kacal ta ci yunit 10, abin da wannan ƙwan zai yi awa 1,000 kafin ya ci. Saboda haka gidaje 2 masu ɗakuna iri ɗaya da mutane iri ɗaya suna iya bambanta ninki biyu ko uku, gwargwadon yadda suke dafa abinci, da yadda suke ɗumama ruwa, da ko suna sanyaya ɗaki ko ɗumama shi, da ko akwai mai wuni a gida. Na'urar da ke ba mahaifiyata iskar oksijin tana cin wat 350, ba a kashe ta dare da rana. Wat 350 sau awa 24 ya ba da yunit 8.4 a rana, a shekara ya haura yunit 3,000. Na'ura guda a gefen gadon tsohuwa ta fi dukan lantarkin da aka ƙiyasta wa wancan matsakaicin gida. Tambaya ɗaya da wakilin ya yi min, wato ko akwai na'urar jinya a gidan, da ta gyara lissafin tun ranar farko.

Kada ku ɗauka rashin ilimi ne ke sa mutane ruɗewa da waɗannan alƙaluma. A ƙarshen Satumba na 2022, Firaministar Birtaniya ta lokacin, Liz Truss, ta faɗa a hirarrakin rediyo cewa babu wanda zai biya fiye da fam 2,500 na makamashi a ƙarƙashin tallafin gwamnatinta, har sai da masu tantance sahihancin labarai suka fito suka gyara maganar. Abin da aka ƙayyade shi ne kuɗin yunit da kuɗin kullum, fam 2,500 ɗin kuma na matsakaicin gida ne, wanda ya ci fiye zai biya fiye. Idan shugabar gwamnatin da ta fito da tsarin ta faɗe shi a karkace, me ake tsammani daga bazawarar da aka karanto wa adadi ta waya tana tsakiyar aiki?

Akwai kuma inda abin ya wuce kuskure ya zama dabara. A jihar Teksas ta Amurka, doka ta wajabta wa kowane kamfani ya nuna matsakaicin farashinsa ga mai cin yunit 500, da 1,000, da 2,000 a wata. Doka ce mai kyau. Amma sanannen abu ne a can cewa wasu kamfanoni suna tsara rangwamen da ba ya faɗowa sai mutum ya kai yunit 1,000, domin farashinsu ya fito da arha a daidai wannan layin na jadawali. Wanda ya tsaya a 999 bai samu komai ba. Na kawo wannan ne don in nuna cewa duk inda ake jera kamfanoni daga mai arha zuwa mai tsada, wanda ya rage ƙiyasinsa shi ke hawa sama, wanda ya faɗi gaskiya ya koma ƙasa. Wakilin da ake biya lada a kan yawan mutanen da ya shigar ba shi da dalilin yi min tambayar da za ta ɗaga adadin. Kamfanin kuwa ba ya asarar ko sisi idan ƙiyasin ya gaza, tunda dukan gibin ni zan cike. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Koke na biyu a kan kalmar tsayayye ne. A kunnen kowane mai saye, idan aka ce farashi tsayayye ne sannan aka faɗi adadin wata, abin da zai fahimta shi ne wannan adadin ba zai motsa ba. A littafin kamfani kuwa, kuɗin yunit ne kawai tsayayye. Adadin watan kaso ne da aka samu ta raba ƙiyasin shekara gida 12, ana cirewa kai tsaye daga asusun banki, a daidaita daga baya. Tsarin ba shi da laifi a kansa, yana ma taimakon gida kada watannin tsananin sanyi ko zafi su karya shi. Laifin yana wurin shirun da ake yi. Mitar gidana irin ta zamani ce, tana aika wa kamfanin karatunta da kanta. Tun wata na 2 kwamfutarsu ta san cewa abin da nake biya bai kai abin da nake ci ba. Suka bari bashin ya yi ta taruwa wata 7 babu saƙo ko ɗaya. Da an gaya min a wata na 2, da ƙarin ɗan kaɗan ne, da kuma ina da zaɓi. Da aka gaya min a wata na 9, sai ya zamo bashi da ƙari a lokaci guda.

Gyaran ma a kan yi shi da gatari. A 2022 Ofgem ta binciki yadda kamfanoni suka ƙara kuɗin da suke cirewa daga asusun mutane tsakanin Fabrairu da Afrilu, ta gano cewa kimanin gidaje 500,000 an ninka musu kuɗin ko fiye da haka, alhali ƙarin da aka yi wa iyakar farashin da hukumar take ƙayyade wa kamfanoni a watan Afrilun kashi 54 cikin 100 ne. Ta umarci kamfanonin su sake duba waɗannan asusu. Wato hannun da ya rage adadin lokacin da ake neman mutum ya shigo, shi ne yake zarce iyaka bayan ya shigo, kuɗin magidanci ya je ya kwanta a asusun kamfani.

Na uku, abubuwan da ba a ambata da baki sai a ƙananan rubutun ƙasan takarda. Akwai kuɗin kullum da ake caja ko an kunna wuta ko ba a kunna ba. Akwai haraji. Akwai rangwamen sabon shiga da ke ƙarewa bayan 'yan watanni, da rangwamen da ke ɓacewa idan an makara da biya na kwana guda. Zan tsaya a kan kuɗin kullum, domin talaka ya fi cuta. A ce kuɗin kullum ya kai farashin yunit 2. A shekara ya zama kuɗin yunit 730. Ga babban gida mai cin yunit 6,000, wannan ƙarin kashi 12 ne cikin 100. Ga tsohon da ke zaune shi kaɗai yana cin yunit 1,500, ƙarin ya kusa rabin kuɗin wutarsa. Idan aka tallata masa kuɗin yunit da manyan haruffa aka ɓoye na kullum, an ɓoye masa kusan sulusin bil ɗinsa. Kuma shi ne wanda ko ya kwana a duhu ba zai iya rage wannan kason ba.

Na huɗu, bil ɗin ƙiyasi da bashin baya. Inda mita ba ta aika karatu da kanta, kamfani yakan yi watanni, wani lokaci shekaru, yana aiko da adadin da ya zata, rana ɗaya a zo a karanta mita a ce ga bashin duk tsawon lokacin. Na ga takardar wata baiwar Allah da aka yi shekara 2 ana caja da lambar mitar da ba tata ba. Ta biya kowane bil a kan lokaci, duk da haka ita aka aiko wa da wasiƙar gargaɗi. A Birtaniya tun 2018 an hana kamfani bin gida kuɗin makamashin da aka sha fiye da wata 12 baya, matuƙar kuskuren na kamfanin ne. Wannan ƙa'ida ba ta durƙusar da kasuwarsu ba, ta dai koya wa kamfanoni cewa sakaci da karanta mita yana da tsada.

Adalci ne in faɗi abin da kamfanonin za su ce, domin akwai gaskiya a ciki. Farashin sari na gas ya yi tashin gwauron zabi daga 2021, ya ƙara tashi bayan Rasha ta kutsa Yukren a Fabrairun 2022, kuma a ƙasashe da yawa farashin lantarki yana bin na gas ne. Babu kamfanin da ya ƙirƙiro wannan. Haka kuma akwai masu saye da ke faɗin ƙarya game da abin da suke ci, akwai waɗanda ba sa aika karatun mita ko an roƙe su. Ban zo kare waɗannan ba.

Amma tashin kasuwar ya tona wani abu da ya shafe ku kai tsaye. A Birtaniya kamfanonin makamashi kusan 30 ne suka rushe daga tsakiyar 2021, da dama cikinsu waɗanda suka yi ta jawo mutane da farashi mai arha ba tare da sun sayi makamashin tun da wuri sun ajiye alkawarinsu a kai ba. Kamfanin Bulb, mai hulɗa da gidaje fiye da miliyan 1.5, sai da gwamnati ta karɓi riƙonsa a Nuwamban 2021. Waɗanda kamfanoninsu suka rushe aka miƙa su ga wasu kamfanoni, yarjejeniyar tsayayyen farashin da suka sa wa hannu ta bi ruwa. Ofishin binciken kuɗin gwamnatin ƙasar ya ƙiyasta asarar da fam biliyan 2.7, ban da ta Bulb, aka kuma watsa ta a kan bil ɗin kowa. A Teksas, lokacin guguwar sanyin Fabrairun 2021, farashin sari ya kai dala 9 a kan kowane yunit na tsawon kwanaki, masu hulɗa da kamfanin Griddy, wanda ke sayar musu da wuta a farashin sari kai tsaye, suka wayi gari da bil na dubban daloli. A shekarar majalisar jihar ta hana sayar wa gidaje irin wannan tsari. A duka wuraren biyu, kamfanonin suna da lasisi, tallarsu kuma a fili take. Sai da bango ya faɗi a kan mutane aka tuna da tsagar da kowa ke gani. Haɗarin kasuwa kaya ne da ya kamata mai jari da ƙwararrun masu hasashe ya ɗauka, shi ya sa yake cin riba. Idan ya sauke shi a kan gidan da ba ya iya bambance farashin sari da na sayarwa, kuma bai gaya masa ba, ku ne ya kamata ku hana tun kafin a sa hannu.

Sai kuma ƙofar fita. Doka a Tarayyar Turai tana ba wanda ya ƙulla ciniki ta waya ko ta intanet kwana 14 ya janye. Hakan yana da kyau, sai dai bil na farko ba ya zuwa cikin kwana 14, gibin kuma ba ya bayyana sai bayan watanni. Lokacin da mutum ya gane, akwai tarar ficewa a gabansa, akwai bashin da kamfani zai iya riƙe shi da shi. Ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, kuma an rufe ƙofa. Hanyar kai ƙara ba na so in tsawaita a kanta, duk wanda ya taɓa riƙe waya minti 40 sannan aka ce ya sake bayani daga farko ya san ta.

Ina so ku san abin da waɗannan alƙaluma suke zama idan sun shigo gida. Mai albashi ya riga ya raba kuɗinsa tun kafin su shigo hannunsa: haya, abinci, makaranta, magani. Ƙarin da bai shirya masa ba dole daga ɗaya cikin waɗannan zai fito. Na ga wanda ya ci bashi mai ruwa don ya biya kamfanin wuta. Na ga miji da mata sun yi kwanaki ba sa magana, kowa na zargin ɗan uwansa da almubazzaranci, alhali ba su ƙara kunna komai ba. Yara su ne ke shan faɗa a kan fitila da cajin waya, abubuwan da ba su taka kara sun karya ba a lissafin. A gidana, duk da ɓoyewar da muka yi, mahaifiyata ta ji muna maganar wasiƙar. Da dare na shiga gaishe ta na tarar ta kashe na'urar, tana numfashi da ƙyar. Ta ce min, ɗana, na ga kamar ni ce nake cinye muku kuɗin, bari in riƙa hutar da ita. Na kunna, na zauna wurinta har numfashinta ya daidaita. Tun daga ranar nake tashi tsakar dare in leƙa ko fitilar na'urar tana kunne. Ba na jin wakilin da ya kira ni ya yi nufin haka. Amma tambayar da bai yi ba ce ta kai mu nan.

Ga abin da muke roƙo.

Babban roƙonmu shi ne ku ɗora wa ƙiyasi nauyi. Idan mai saye ya ba da bayanin gaskiya, yanayin gidansa bai canza ba, kuɗin yunit bai canza ba, amma abin da ya biya a shekara ya zarce abin da aka faɗa masa da fiye da wani kaso da ku za ku ƙayyade, a ce kashi 10 cikin 100, to kamfanin ya ɗauki wani ɓangare na gibin. Ba muna neman shan wuta kyauta ba ne, abin da muka ci muna da niyyar biya. Muna so ne wanda ya yi lissafin, wanda ya fi mu sanin yadda ake yin sa, wanda kuma ya ci moriyar ƙarancinsa, ya ji a aljihunsa idan lissafin ya karkace. Ranar da aka kafa wannan ƙa'ida, kowane wakili zai koyi tambayar yadda ake dafa abinci a gida, da ko akwai mara lafiya, ba tare da kowa ya tura shi kwas ba. Sauran roƙe-roƙen duk rassa ne na wannan.

Ku wajabta cewa a gina ƙiyasi a kan ainihin abin da gidan ya ci a wata 12 da suka wuce, duk inda bayanin yake samuwa, daga tsohon bil ko daga mita da izinin mai gida. Inda babu shi, kamar wanda ya tare a sabon gida, a ba shi adadi 2, na ƙasa da na sama, a rubuta ƙarara yunit nawa aka zata zai ci. A ba kowa shafi 1 tak kafin ya amince, cikin harshen da yake ji, mai ɗauke da kuɗin yunit, kuɗin kullum, haraji, ranar ƙarewar rangwame, tarar ficewa, da jimillar shekara. Duk wanda zai furta kalmar tsayayye, a baki ko a rubuce, ya faɗi a nan take abin da ke tsaye da abin da zai iya motsawa. Cinikin da aka yi ta waya kuma a adana muryarsa, a ba mai saye idan ya nema.

Ku hana shirun da ke tara bashi. Idan kamfani ya ga wata 2 a jere abin da gida ke ci ya kauce wa ƙiyasi, ya sanar da shi nan da nan, ya nuna masa lissafin, ya kuma buɗe masa ƙofar fita babu tara. Dokar lantarki ta Tarayyar Turai ta 2019 ta riga ta wajabta sanar da gidaje aƙalla wata 1 kafin a canza musu farashi, tare da 'yancin ficewa. Abin da muke nema shi ne wannan kariya ta haɗa da wanda ba a canza masa kuɗin yunit ba amma aka canza masa abin da ke fita daga asusunsa, domin a wurin mai biya duk ɗaya ne. A jihar Biktoriya ta Ostireliya, tun 2019 dole ne kamfani ya rubuta a jikin bil idan yana da wani tsari da ya fi arha ga wannan gida. Babu abin da zai hana kowace hukuma yin haka.

Ku sa iyaka ga bashin baya, kada ya wuce wata 12 idan kuskuren na kamfani ne, abin da ya rage kuma a raba shi a kan tsawon lokacin da ya ɗauka yana taruwa. Kada a yanke wa kowa wuta, kada a miƙa sunansa ga masu karɓar bashi, muddin ƙararsa tana gaban mai shiga tsakani. Gidan da ke da na'urar jinya kuwa a rubuta shi a rajista ta musamman tun ranar farko, kada a taɓa yanke masa.

Akwai wani abu da ku kaɗai ke da ikon yi, kuma ba ya bukatar sabuwar doka a wurare da yawa. Kowane kamfani yana da adadin da ya faɗa wa kowane sabon mai saye, yana kuma da adadin da mutumin ya biya a ƙarshen shekara. Ku karɓi alƙaluman nan biyu, ku wallafa tazarar da ke tsakaninsu, kamfani bayan kamfani, duk shekara, ku sa shafukan kwatanta farashi su nuna ta kusa da farashin. Kamfanin da ke faɗin gaskiya zai samu abin nunawa, mu kuma mu san maganar wa za mu riƙe. Ku kuma duba yadda ake biyan wakilai ladansu, domin muddin a kan yawan sa hannu kawai ake biya, romon baka ba zai ƙare ba.

A namu ɓangaren, mun yarda mu faɗi gaskiyar abin da ke gidajenmu, mu aika karatun mita duk lokacin da aka nema, mu sanar idan an samu ƙarin mutum ko sabuwar na'ura. Ni da kaina ina koya wa duk wanda ya kawo min takardarsa ya nemi yawan yunit ɗin shekara kafin ya kalli adadin wata.

Muna roƙon amsarku a rubuce kuma a bainar jama'a, musamman a kan abu 2: ko za ku sa kamfani ya ɗauki kaso na gibin ƙiyasinsa, da kuma ko za ku wallafa tazarar da ke tsakanin abin da ake faɗa da abin da ake biya. Idan akwai abin da ya hana, ku faɗa mana ko mene ne, da wanda ke da ikon kawar da shi, mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. Takarduna da na waɗanda suka ba ni izini suna nan a ajiye, ƙiyasin farko a haɗe da bil ɗin ƙarshe na kowane gida, kuma a shirye nake in kawo su duk ranar da kuka kira.

Allah ya taya ku riƙon wannan amana. Na gode da sauraro, ku huta lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin lissafi, a madadin gidajen da aka faɗa wa farashi ɗaya aka caje su wani.